Hattara ƴan kasuwa: a gwada kafin a ce ƙwaƙwalwar mota ta ƙone

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garajojin Arlit da Akokan, wadda duk mai motar da ya ji ta sai gabansa ya faɗi. Maganar ita ce: ƙwaƙwalwar mota ta ƙone. Da zarar makanike ya furta ta, to mai mota ya san abu biyu na jiransa, wato kashe kuɗi masu nauyi da kuma zaman jira, domin kuwa ba kullum ake samun wannan akwati a cikin gari ba, sai an aika Agadas ko Yamai, wani lokacin ma har Kano. Ga ɗan kasuwar da ya lodo albasar Tabelot, ko ƴar kasuwar da ta zuba jarinta cikin tumatur da lemun Timiya, kwana uku na jira cikin zafin Arlit sun isa su mai da riba ta koma bashi.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, sau da yawa akwatin da ake ɗora wa laifi lafiyarsa lau. Wata ƴar waya ce ta tsinke, ko ƙura ta toshe wata kafa, ko batir ya gaji. Akwai hanyoyin da ake bi a tabbatar kafin a ciro ko dala ɗaya daga aljihu, kuma ba sai mutum ya yi karatun injiniya ba zai iya tsayawa ya ga an bi su.

Yadda muka tsinci kanmu a nan

Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971, sannan Cominak da aka kafa a 1974 ya fara aiki a 1978, Akokan ta bunƙasa a gefensa. Kuɗin yuraniyom ne kuma suka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit mai tsawon kilomita sama da 600. Motocin wancan zamani, irin su Peugeot 504 da 404 da tsofaffin Land Cruiser, ba su san wata ƙwaƙwalwa ba. Karbirater ce ke haɗa mai da iska, makanike kuwa da kunnensa da sukurdirebansa yake daidaita ta. Har gobe ma direbobin sahara na yabon injin gazuwal na Toyota mai suna 1HZ, wanda ya fito a 1990, saboda famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba ya jiran umurnin wani akwati.

Daga baya sai motocin hannu na Turai suka kwararo ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano: Corolla, Carina E, Starlet, Peugeot 406 da 206 da sauransu. Kusan dukkansu masu injeksiyon ne, kowace da ƙwaƙwalwarta. Bayan da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, sai ga ƙarin Hilux da Land Cruiser masu shan isansi, su ma da nasu akwatin. A hannu guda kuma aljihun gari ya yi rauni. Cominak ya rufe a ranar 31 ga Maris na 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Iyalai da dama sun koma kasuwanci da sufuri, tsohuwar motar gida ta zama ita ce gona. Rufe iyaka da Benin a 2023 ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara wa kayan gyara nisa da tsada. Ke nan kuskuren sayen akwatin da ba a bukata ya fi ciwo yanzu fiye da da.

Mece ce ƙwaƙwalwar mota?

Masu Faransanci na ce mata kalkilater, makanikan Najeriya kuma buren-bos. Wani ɗan akwati ne da bai wuce faɗin littafi ba, a cikinsa akwai ƙaramar kwamfuta. A Toyota da yawa na shekarun 1990 yana cikin mota ne, a ƙarƙashin allon gaba, a Peugeot da dama kuwa yana gefen inji. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara yaɗa wannan fasaha a 1967 cikin wata Volkswagen, a 1979 kuma ya fito da Motronic, wadda ta haɗa kula da mai da kula da wutar buji cikin akwati guda. Dokokin hana gurɓata iska na Turai da Amurka ne suka kori karbirater daga sabbin motoci a farkon shekarun 1990.

Don a fahimci aikinta, a ɗauke ta kamar uwar ɗakin da ke zaune cikin rumfa, tana da yaran da ke kawo mata labari da kuma yaran da take aika. Masu kawo labari su ne ƴan na'urorin da ake kira kapter. Wani na faɗa mata yadda inji ke juyawa, wani zafin ruwa, wani yawan iskar da ke shiga, wani kuma irin takun da direba ya yi wa totur, akwai ma wanda ke shinshinar hayaƙin salansa. Da wannan labari take yanke shawarar yawan man da injekter za su fesa da lokacin da bobin za ta ba buji wuta, sau dubbai cikin minti ɗaya.

To idan yaro ya kawo labarin ƙarya, ko ɗan aike ya maƙale a hanya, ciniki zai lalace ko da kuwa uwar ɗaki na cikin hankalinta. Wanda ya kori uwar ɗaki ya kawo sabuwa, alhali yaran nan suna nan da halinsu, bai gyara komi ba.

Masu kwaikwayon mutuwar ƙwaƙwalwa

Na farko shi ne batir da wutar caji. Batir mai lafiya na nuna wajen bolt 12,6 idan mota na kashe, idan inji na aiki kuma tsakanin 13,5 da 14,5. Zafin Arlit, da kan haura digiri 40 a watannin bazara, yana gajiyar da batir da wuri. Idan wuta ta yi ƙasa sosai lokacin tayar da mota, akwatin kan rikice ko ya ɗauke.

Na biyu, fizibil da rile, da kuma wayar mas, wadda ke haɗa batir da jikin mota da inji. Gargadar hanyar Agadas zuwa Arlit, mai tsawon kilomita kusan 240, tana kwance noti, tana goge fatar wayoyi. Wayar mas guda da ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa za ta iya sa mota ta yi ta mutuwa a hanya tamkar mai aljannu.

Na uku, mai. Man kwalba da na jarka kan zo da ƙura, wani lokacin da ruwa. Filtar kan toshe, famfon cikin tanki ya raunana, alhali yawancin motocin nan na bukatar mai ya iso da ƙarfin wajen bar 3. Akwai kuma wani abin da ya shafi yankinmu musamman. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da isansi mai dalma, a 2021, ita kuwa dalma tana kashe kapter ɗin da ke shinshinar hayaƙi. Tsohuwar motar da ta daɗe tana shan irin wannan mai na iya kasancewa da mataccen kapter har yau, ta yi ta zuƙar mai, a ɗora wa akwati laifi.

Na huɗu, sauran kapter. Idan na juyin inji ya mutu, ba wuta ba feshin mai, mota za ta yi ta gurnani ba ta tashi ba. Yana da wata ɗabi'a kuma: yakan ɗauke idan inji ya yi zafi, ya dawo idan ya huce. Na zafin ruwa kuwa idan ya lalace, sai ya riƙa gaya wa akwati cewa ana sanyi, akwati ya yi ta ƙara mai, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ana auna shi da mita cikin ƴan mintuna: a motoci da yawa yana nuna om 2.000 zuwa 3.000 a sanyin digiri 20, ya sauko wajen 300 idan inji ya yi zafi.

Duk waɗannan, kuɗinsu bai kama ƙafar na akwati ba. Saboda haka su ne ya kamata a fara bincike, akwati ya zo ƙarshe.

Mota na iya faɗin ciwonta

Hajiya, ko Alhaji, ga gwajin farko da za ku iya yi da idonku. A murza makulli zuwa inda fitilun allo ke kamawa, kada a tayar. Ku nemi ƴar fitilar nan mai siffar inji, launin ruwan goro. Idan ta kama, to alama ce akwatin na samun wuta kuma yana numfashi. Idan ba ta kama ba, ko dai wuta ba ta isa gare shi, ko ƙwan ya mutu, ko kuma wani ya cire shi don ya ɓoye wa mai saye aibin mota. Wannan gwaji ya kamata a yi shi tun ranar cinikin mota.

Na biyu, akwatin kan ajiye lambar duk matsalar da ya gani. Motocin da aka yi don Amurka tun 1996, da masu isansi na Turai tun 2001, da masu gazuwal tun 2004, suna da wata kafa mai ramuka 16 a kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar bincike da makanikai ke kira baliz. A yau ma akwai ƙananan irinta da ke aiki tare da wayar salula. Tsofaffin Toyota da suka riga wannan tsari kuwa ba su ma bukatar na'ura. Akwai wani ɗan akwati a gefen inji inda mai wutar mota zai haɗa ramuka biyu masu suna TE1 da E1 da guntuwar waya, sai fitilar nan ta shiga ƙiftawa. Ƙifta 2, ɗan shiru, ƙifta 2, lamba 22 ke nan, tana nuni ga kapter na zafin ruwa. Lamba 12 na nuni ga saƙon juyin inji, 41 kuma ga na totur. Idan ta yi ta ƙiftawa bai ɗaya ba tsayawa, to ba ta riƙe da wani koke.

Abin lura a nan shi ne, lambar unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. Idan ta ce zafin ruwa, ana iya samun laifin ga kapter, ko ga wayarsa, ko ga mahaɗarsa. Sai mai gyara ya bi da mita, ya ga ko wuta da mas na isa ga akwatin, ya ga kuma ko akwatin na fitar da bolt 5 ɗin da yake ba kapter.

Gwajin musanya da haɗarinsa

Idan an bi duk wannan ba a sami komi ba, sai a zo ga musanya. A nan ne ake yawan tafka asara. Al'adar da aka saba ita ce a aro akwatin wata mota mai lafiya a ɗaura wa marar lafiya. Amma idan abin da ya ƙone na farko yana nan, misali wayoyi biyu da suka goge suka haɗu, ko bobin ko injekter da ta lalace tana jan wuta fiye da kima, to na aron ma zai bi sahu nan take. Sai mutum ya wayi gari da bashin akwati biyu, ga kuma ɓacin zumunci da wanda ya ba shi aro.

Hanyar da ta fi sauƙin haɗari ita ce a juya abin: a ɗauki akwatin da ake zargi a kai shi cikin mota mai lafiya, iri ɗaya. Idan motar ta tashi ta yi aiki sumul, akwatinku ya kuɓuta, sai a koma neman ciwo a jikin motarku. Idan ta kwaikwayi ciwon taku, to an kama ɓarawo. Kafin haka a buɗe murfin akwatin a duba, a shinshina. Wanda ke warin ƙuna ko ya yi baƙi a ciki, ba a kai shi motar mutane. A wasu akwatunan Japan na shekarun 1990 kuma akan tarar ƴan gwangwanayen da ake kira kondansater sun tsufa sun zubo ruwa bisa allon. Irin wannan, idan bai ci nisa ba, mai gyaran rediyo da talabijin da ya ƙware na iya canja su da kuɗi kaɗan.

Ƙa'idojin musanya ba su da yawa. A kashe mota, a cire kan batir na mas kafin a zare ko a jona akwati. Kada a tilasta mahaɗa, domin ƴan alluran cikinta na lanƙwashewa. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, don a san wanda ya yi magani. Bayan an ɗaura, kada a wadatu da cewa mota ta tashi cikin garaji. A bar ta ta yi zafi, a yi tafiya da ita mai ɗan nisa, a kashe a sake tayarwa da zafinta, sannan a sake duba lambobi. Wasu motocin kan yi ƴar rawar silo na ɗan lokaci bayan an cire batir, kafin akwati ya sake sabawa, wannan ba ciwo ba ne.

Lamba da makulli

Kama da wane ba ta wane. Akwatuna biyu na iya zama launi ɗaya, mahaɗa ɗaya, amma na ciki daban. Na mota mai giyar hannu daban da na otomatik, na inji 1,6 daban da na 1,8, na kasuwar Turai daban da na Amurka ko na ƙasashen Larabawa. Abin dogaro shi ne lambar da ke bisa takardar da aka liƙa a jikin akwatin. Ta Toyota kan fara da 89661, ta Bosch kuwa da 0 261 ga masu isansi, 0 281 ga masu gazuwal. Lambobin da ke biye su ne ke rarrabewa, saboda haka a karanta har ƙarshe. A ɗauki hoton takardar a tura wa mai sayarwa ta WhatsApp, shi ma ya turo hoton nasa, ko yana Agadas, ko Yamai, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, tun kafin kuɗi su tashi.

Sai batun makulli. Tun wajen 1998 dokar Turai ta tilasta wa sabbin motoci na'urar hana sata, wadda ake kira anti-demaraj. Cikin kan makulli akwai wani ɗan ƙwayar abu mai lambar sirri, kuma akwatin ba zai saki mai ba sai ya gane ta. Ke nan idan aka ɗaura akwatin wata mota, ko da lafiyayye ne kuma lambarsa ta dace, motar na iya ƙin tashi. A irin waɗannan motoci gwajin musanya na akwati kaɗai ba ya nuna gaskiya. Sai a sayi kayan a haɗe, akwati da makullinsa da ɗan akwatin hana sata, ko a sami mai na'urar da zai daidaita su. A Peugeot 206 da 307 akwai ma wani akwati na biyu mai suna BSI da ke tafiya tare da su. Mai sayarwar da bai tambaye ku wannan ba, ko bai sani ba ne, ko kuma ya sani ya yi shiru.

Abin da ke kashe ta da gaske

Ƙwaƙwalwa na mutuwa, amma galibi kashe ta ake yi. Juya kawunan batir, ko da na ƙiftawar ido ne, na ƙone ta. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir inji na aiki don a gwada caji ta dace da zamanin 504, a motar injeksiyon kuwa guba ce. Haka nan jona wa ƙaramar mota wuta daga babbar kamiyo mai bolt 24. Haka yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, kuma idan waldar na kusa da akwatin, gara a zare shi gaba ɗaya. Sai ruwa: wankin inji da famfo mai ƙarfi, ko kutsawa cikin korama lokacin da ruwan duwatsun Abzin ya sauko da damina. Na ƙarshe shi ne ɗaura waya a madadin fizibil da ya ƙone. Fizibil mai gadi ne, ya mutu ne don ya ceci wani abu. Duk wanda ke da direba ko yaron mota, ya zaunar da shi ya karanta masa waɗannan, domin rigakafi ya fi magani.

In an zo ciniki

Ƴan kasuwa ba a koya musu ciniki, sai dai tuni. Ba a cinikin biri a sama. Kafin a taɓa motarku, ku sa wa akwatinku alama da fenti ko jan farce, ku ɗauki hotonsa. Ku tambayi makanike, cikin mutunci, abin da ya auna da abin da ya gani. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ma nuna muku da mita a hannu. Ku biya shi ladan bincike daban, ko da bai canja komi ba, domin wanda ba a biyansa sai ya ɗaura sabon kaya, dole ya samo kayan da zai ɗaura.

Da mai sayarwa kuma a yi sharaɗi a gaban shaidu, ko a rubuce, ko cikin saƙon murya: kwana nawa na gwaji, wa zai biya kuɗin mota idan kaya zai koma, kuma kuɗi za a mayar ko canji. Kusan duk akwatunan nan na hannu ne, daga motocin da aka farfasa, ba mai iya rantsuwa bisa lafiyarsu sai an gwada. Tsohon akwatinku kuwa ku karɓe shi ku tafi da shi gida. Wataƙila ana iya gyara shi, wataƙila lambar makullinku na ciki, wataƙila ma lafiyarsa lau.

Wasu kan gaji su ce a tuge injeksiyon ɗin baki ɗaya a ɗaura karbirater. Gaskiya ne motar kan tashi, kuma kowane makanike na iya taɓa ta a daji. Amma akasari shan mai na ƙaruwa, ƙarfi na raguwa, darajarta a kasuwa na faɗuwa, idan otomatik ce mai aiki da lantarki kuma giya na iya rikicewa. Mai zirga-zirga tsakanin Arlit da Agadas ko Asamaka ya lissafa man da zai ƙara zubawa cikin shekara guda kafin ya amince.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi na da rawar takawa. Yadda mata ke haɗa adashe, haka masu mota iri ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike guda, su ajiye ta hannun amintaccen mai wutar mota, su kuma ɗauki nauyin horar da matasa biyu ko uku. Arlit ba ta rasa masu ilimin lantarki ba, tsofaffin ma'aikatan ma'adinai na nan cikin gari da saninsu. Ana iya neman su koyar da yaran garaji yadda ake karanta taswirar wayoyi da aiki da mita.

Iyayenmu mata da ke hayar mota su ma abin ya shafe su, ko ba su mallaki ko taya ba. Kafin a loda kaya masu lalacewa, a leƙa allon direba. Idan fitilar inji na kunne alhali mota na aiki, a tambaye shi dalili tun a tasha, kada a bari sai an yi nisa cikin daji inda ba inuwa ba ruwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.